Ihun da Aka Liƙa wa Malama Haskett

Ranar Talata, ɗaya ga watan Oktoba, da ƙarfe biyu da minti arba'in da ɗaya na rana aka fara cin mutuncin Malama Lenora Haskett, kuma har yau ba a daina ba. Ta san mintin domin ta duba agogonta. Shekara talatin da takwas ta yi tana koyar da 'yan aji huɗu a garinmu, ba ta taɓa barin abu ya faru a gabanta ba tare da ta duba agogo ba.

Wanda ya yi aikin shi ne Merle Dunphy, maƙwabcinta na tsallaken titi, tsohon mai sayar da katifu. Tun da ya rufe shago ya rasa wanda zai riƙa cika wa baki, sai ya koma kan tsofaffin ƙungiyar kallon fim. Su kuwa a ɗakin ƙasa na laburare suke taruwa da ƙarfe biyun rana, don babu wanda idonsa ke iya tuƙi in rana ta faɗi.

A taron ƙarshen Satumba Merle ya miƙe, ya soka manyan yatsunsa a madaurin wando, ya ce bana zai kafa tarihi. Fina-finan tsoro talatin da ɗaya a kwana talatin da ɗaya, daga farkon wata har ranar Halowin, bikin shigar fatalwa da ake yi a ƙarshen Oktoba. Kowa zai riƙe katuna biyar masu zanen kabewa. In fim ya ƙare a ɗaga: kabewa ɗaya ga wanda bai girgiza kowa ba, biyar ga wanda ya hana cin abinci. Shi kuma zai riƙa rubuta hukuncinsa a takardar labarai da laburare ke rabawa duk Juma'a, wadda dama shi ke buga ta, don shi kaɗai injin kwafin ke yi wa biyayya.

"Ni dai ba a yi fim ɗin da zai motsa ni ba," in ji shi. "Na taɓa zama ni kaɗai a sito da katifu ɗari huɗu, wuta a ɗauke."

"Katifa ba ta cizo, Merle," in ji matarsa Arlene, ba ta ko ɗago daga saƙarta ba.

"Likita da bakinsa ya ce zuciyata irin ta kada ce."

"Cewa ya yi ka rage gishiri."

Fim na farko na wani likitan haƙori ne da ya mutu amma bai rufe asibitinsa ba. Malama Haskett na zaune a layi na uku, jakarta a kan gwiwa. Merle ya zo ya zauna a gefenta da buhun gugguru da kofin ruwan tuffa mai ɗumi. Aka kashe wuta. Minti arba'in ba abin da ya faru sai ƙarar taunarsa. Sai hannun likitan ya ɓullo daga kwanon wanke baki.

Aka tsala wani siririn ihu, irin na butar shayi da aka manta a kan wuta. A daidai lokacin Malama ta ji wani abu mai ɗumi ya kwarara a kan siket ɗinta.

Curtis, ma'aikacin laburaren, ya ruga ya kunna wuta. Mutum goma sha tara suka waiwayo. Abin da suka gani shi ne Merle Dunphy yana bubbuga kafaɗar Malama a hankali.

"Ja numfashi, Lenora. Fim ne kawai."

"Ɗauke hannunka daga kafaɗata."

"Ba abin kunya ba ne. A irin shekarunmu..." Ya dubi siket ɗin, sannan ya yi sauri ya dubi rufi, yadda kowa sai da ya dubi siket ɗin.

"Kofinka ne ya zube a kaina."

"Kofina? Ai na shanye tun ɗazu." Ya kife shi don a gani.

Ta ce ba ita ta yi ihu ba. Ta faɗa sau biyu, a fili, da muryar da ta saba kaiwa ƙarshen aji. Jama'a suka gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa marar lafiya.

Ranar Juma'a takarda ta fito. A shafin farko Merle ya rubuta: "Kabewa ɗaya. Ban ko ƙifta ba. Sai dai wata tsohuwar malama, wadda ba zan ambaci sunanta ba saboda maƙwabtaka, mai koren ƙofa a titin Linden, ta ba shi kabewa biyar da murya, ta ƙara da wata shaidar da ba ta faɗuwa a takarda."

Ƙofa ɗaya ce koriya a titin Linden.

Rabin garin nan a ajinta suka zauna, kuma da alama duk sun daɗe suna jiran rana irin wannan. Ranar Asabar mai kawo wasiƙu, wanda ta taɓa tsayarwa a kusurwa saboda cin goran biro, ya bar mata gizo-gizon roba a akwatin wasiƙa. A gidan burodi yarinyar da ke kanta ta rage murya ta ce, "Malama, bayanki akwai mutum, kada ki firgita, Mista Stamm ne." A coci wata ta matsa mata hannu ta ce ita ma tun bayan haihuwarta ta uku haka take fama. Malama ta janye hannunta ta sa a aljihu.

Duk wannan da ta jure. Amma ranar Litinin Curtis ya zo har gida, yana murza hularsa. Shekararsa arba'in da shida, kansa ya fara sanƙo, amma a gabanta har yanzu tsayuwar ɗan aji huɗu yake yi.

"Malama, kwamitin laburare ne ya aiko ni. Kan karatun ranar Halowin."

Shekara ashirin da shida ke nan duk yammacin Halowin ita ke zama a kan jar kujerar laburare ta karanta wa yara labarin fatalwa kafin su fita karɓar alewa. Ba ta taɓa fashi ba, har shekarar da ta karye a ƙugu.

"Me ya sami karatun?"

"Sun ce bana ki huta. Saboda zuciyarki."

"Me ya sami zuciyata?"

"Ni dai aike ne, Malama."

"Wa zai karanta?"

Curtis ya dubi takalmansa. "Mista Dunphy ya ce zai taimaka."

"Miƙe tsaye sosai in kana yi min magana, Curtis."

Ya miƙe. Amma kujera ta riga ta tafi.

Daga ranar ta ɗauko jan bironta. Ba ta ƙara fashin fim ko ɗaya ba, kuma kullum a gefen Merle take zama. Shi kuwa sai abin ya ƙara hau masa kai. Fim ɗin injin wanki da aljani ya shiga, kabewa ɗaya. Fim ɗin tsohuwar da ke fitowa daga madubi, wanda ya sa Mista Stamm ya tafi gida da takalmi ɗaya, kabewa ɗaya. Da ya ga ɗayan ma ta yi yawa sai ya yanka kati biyu, ya riƙa ɗaga rabin kabewa yana hamma.

Malama ta jera takardun Juma'a a teburin kicin tana bi layi layi. A fim ɗin injin wanki ya rubuta cewa karen gidan ya burge shi. Babu kare a fim ɗin, sai a bangon faifan. A na madubi ya yaba wa jarumin da ya tsira, alhali tun minti na ashirin aka cinye shi. Wanda ya yi shekara talatin da takwas yana duba aikin yara ba ya ɓata wajen gane ɗalibin da bangon littafi kawai ya karanta.

Ta kasa kunne a cikin duhu. Da an kashe wuta sai ta ji ƙyas, ƙarar gidan tabarau. Sannan ta ji ya kai hannu kunnen dama, ya kai na hagu, ya sa wani abu a aljihun riga. Merle ba ya gane matarsa daga taku biyar in babu tabarau, kuma ba ya jin ƙararrawar coci in babu na'urorin da ke kunnensa. Don ta tabbatar, rana ta goma sha ɗaya ta karkata ta ce masa da murya sosai, "Merle Dunphy, wandonka ya kama da wuta." Ya ci gaba da tauna gugguru yana yi wa allo murmushi.

Ta tare Arlene a bakin ƙofa.

"Kin san mijinki ba ya kallon komai?"

"Lenora, shekara arba'in da huɗu ina zaune da shi. Ko ni ba ya kallo."

"Za ki faɗa a gaban mutane?"

"Ni zan koma gida da shi, ba ke ba."

Ranar Alhamis, goma sha bakwai ga wata, aka sami kuskure. Bangon faifan na wani mahauci ne mai bin matafiya, amma abin da ya fito a allo wata mata ce mai fara'a, ɗaure da atamfar girki, tana koyar da yadda ake dafa tumatir a ɗura a kwalba don ajiyar hunturu. Masu cewa Malama ce ta musanya faifan su kawo shaida. Abin da aka sani kawai shi ne, da Curtis ya yunƙura zai gyara, ta ɗaga yatsa ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa zama a ajinta da zai motsa in ya ga wannan yatsa. Aka zauna minti hamsin ana kallon tumatir. Wasu matan har da rubuta yawan gishiri.

Aka kunna wuta. Merle, tabarau sun koma fuska, ya yi miƙa ya ɗaga kati.

Kabewa biyu. Bai taɓa ba wani fim haka ba.

"Wannan ya ɗan taɓuka," in ji shi. "Matar nan muguwa ce, ga wuƙa ga murmushi. Sai dai jinin ya yi yawa, an zuzuta. Kuma ba a nuna inda ta binne su ba."

"A kwalba ta ɗura su," in ji Arlene.

"To kun ji rashin imani."

Mista Stamm ya fara dariya, sai ɗakin ya ɗauka. Wata har da sarƙewa. Malama ta miƙe, ta gyara rigarta, ta bayyana wa jama'a maganar tabarau da na'urorin kunne, da kwanan wata, da kare, da wando. Merle ya dubi allo, inda har yanzu kwalaben tumatir ke jere, ya dubi jama'a. Wuyansa ya yi ja. Sai ya fashe da dariya, ya fi kowa.

"Na kama ku. Gwada ku nake yi in ga wa ke farke. Haba, ni da nake noman tumatir a bayan gida?"

"Karen fa?" in ji Malama.

"Ya gifta ta baya. Ke lokacin kin rufe ido."

"Wandon fa?"

"Na ji ki sarai. Na duba na ga ba wuta, me zan ce miki? Tsoro ne ke sa mutum gane-gane, Lenora."

Mutanenmu sun fi son dariya a kan gaskiya. Suka tafa masa. Washegari ya buga cewa ya yi wa ƙungiya raha, ya ƙara da cewa malamar nan mai koren ƙofa ko tumatir ta gani hannunta rawa yake.

A taro na gaba ta yi magana a gaban kowa.

"Fim na ƙarshe za ka kalle shi da tabarau a ido, na'ura a kunne. Ni zan duba da kaina."

Mai hankali da ya ce to ya yi shiru. Merle ya soka yatsu a madaurin wando.

"A wannan ɗan akurkin? A ƙofar garejina za a haska shi, kowa ya zo. A kawo jar kujerar can, in karanta wa yara labari, sannan a sa fim mafi muni da Curtis ke da shi. A maƙala min abin auna bugun zuciya a yatsa. Kuma ku zo da katunanku, don adon da zan yi wa gidana bana sai kun rantse mai rai ne."

Sati biyu yana aiki. Ya kafa kaburburan kwali a ciyawa, ya lulluɓe shingen furanni da saƙar gizo ta auduga, ya zaunar da ƙwarangwal a kan keken Arlene. Ya sayo wata mayyar roba mai batir, wadda in ta ji motsi take kunna jajayen idanu ta yi dariya, ya ajiye ta a tagar bene. Arlene ta ce ba tare da tabarau ba ya fito da ita daga kwali, ya ɗauke ta yana kallon gefe, don haka bai taɓa sanin kamanninta ba.

Babban abin shi ne mutum-mutumin. Ya cusa tsumma a tsohon wandonsa mai madauri da rigarsa mai gida-gida, zai rataye shi a ƙarƙashin indararo kamar wanda tsani ya zame wa. Ya ɗaura ƙugiyar ƙarfe a jikin katako yana gaya wa duk mai wucewa cewa ko bijimi za ta riƙe. Da yake an taɓa yin irin wannan ado a wata unguwa har mutane suka kira 'yan kwana-kwana, sai ya kai musu takarda tun ranar Litinin cewa kada su wahalar da kansu. Ya kuma kafa allo a ciyawa da manyan baƙaƙe: KADA A KIRA KOWA. WANNAN ADO NE.

Ranar Alhamis, talatin da ɗaya ga wata, Arlene ta tafi kanti ƙaro alewa. Merle ya riga ya yi shigarsa: fuska shafe da fari da kore, yagaggen wando mai madauri, riga mai gida-gida. Ya sa tabarau da na'urorin kunne don aikin ƙugiya na son ido. Ya saɓa mutum-mutumin a kafaɗa ya hau tsani. Ƙugiyar kuwa dab da tagar bene take.

Malama na cikin kicin tana jera alewa a faranti, kowace ɗaya da fensir, sai ta ji shi. Siririn ihu, irin na butar shayi. Ta duba agogo: huɗu da minti goma sha biyu. Matar da ke iya gane wanda ya yi tusa a cikin yara talatin ba tare da ta juyo daga allo ba, ba za ta manta murya a wata ɗaya ba.

Ta leƙa ta taga. Tsani na kwance a ciyawa. Mutum-mutumin ya faɗa bayan shinge, ko ƙafarsa ba a gani. A wurin da aka tanadar masa, Merle Dunphy ne ke reto, ƙugiya ta kama madaurin wandonsa ta baya, fuskarsa na kallon titi, ƙafafunsa na tuƙa keken da babu. A bayan ƙeyarsa mayya na dariya.

Ta ɗauki waya ta kira 'yan kwana-kwana. Wannan shi ne abin da ta fara yi, kuma a rubuta shi.

"Malama, ai ya kawo mana takarda," in ji wanda ya ɗauka. "Ado ne. Kada ki tsorata."

"Dale Renfro, ni na koya maka rubuta sunanka, kuma sai da muka yi wata uku. Fito da motar nan."

"Motar tana wajen faretin yara, Malama. Sai nan da minti ashirin."

Kafin ta sa takalmi ta tsallaka titi, mutane sun fara taruwa. Curtis ya kawo jar kujera ya ajiye a ciyawa. 'Yan ƙungiya sun iso da katunansu, ga iyaye da yara cikin shigar aljanu da kabewa da 'yan sama jannati.

"Ku taimaka," in ji Merle daga sama. "Ku miƙo tsani."

"Kai, bana ya kashe kuɗi," in ji wata. "Har da muryarsa ya sa a ciki."

"Ni ne. Ni ne Merle."

"Ji, har da 'ni ne'."

Mista Stamm ya matsa kusa, ya karanta allon, ya ɗaga kai ya daɗe yana nazari. Ya ɗaga kabewa uku.

"Motsin ƙafar ya yi. Amma tumbin an zuzuta. Babu ɗan Adam mai irin wannan ciki."

"Orville, don Allah. Wandon yana yanka ni."

"Ya ma san sunana. To huɗu."

Wani uba ya ɗaga 'yarsa ta taɓa takalmin. Wata ta tsaya a ƙarƙashinsa aka ɗauke ta hoto. Aka yi gardama ko fuskar ta yi kama da ta Merle, aka tsaya a kan cewa ta fi tasa kyau.

Malama ta ratsa jama'a. Ta dubi ƙugiyar, ta ga lallai za ta riƙe bijimi. Ta dubi shingen da ke ƙasa, ta ga ko ya faɗo ƙaya ce kawai. Sannan ta zauna a kan jar kujera, ta ɗora jaka a gwiwa.

"Lenora," in ji shi. "Ke kin san ni ne. Gaya musu."

"Allo ya ce ado ne."

"Ni na rubuta allon."

"Ka rubuta abubuwa da yawa a watan nan. Wanne za mu yarda da shi?"

Curtis ya cire hularsa, ya ƙura wa abin da ke reto ido, bakinsa ya buɗe.

Merle ya yunƙura zai juya, gwiwar hannunsa ta bugi taga. Mayya ta kunna jajayen idanu dab da kuncinsa ta sheƙe da dariya. Ya waiga. Tabarau na ido, na'ura na kunne.

Ihun ya fi na farko tsawo. Karnukan titin Linden suka amsa.

Malama ta jira ya ƙare. "Curtis. Ka taɓa jin wannan ihun?"

"Na taɓa, Malama."

"Yaushe?"

"Ɗaya ga wata."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Ɗaya ga wata, Malama. A laburare."

Ta ɗaga kai. "Merle Dunphy, wa ya yi ihu a fim ɗin likitan haƙori?"

"Lenora, ƙafafuna sun mutu."

"Ba ƙafa na tambaye ka ba."

"Ni ne."

"Cikakkiyar jimla."

"Ni ne na yi ihu a fim ɗin likitan haƙori."

"Me ya jiƙa siket ɗina?"

"Ruwan tuffana."

"Fim nawa ka kalla cikin talatin?"

Mayya ta sake motsi.

"Ɗaya," ya ce da sauri. "Rabin ɗaya. Zan rubuta. Gobe-goben nan zan rubuta a shafin farko, in ba ki haƙuri. Ki sa a cire min matar nan daga kunne."

Ana cikin haka Arlene ta iso da ledoji biyu na alewa. Ta ajiye su, ta dubi mijinta sama da ƙasa, ta karɓi katunan Mista Stamm ta zaɓa. Ta ɗaga kabewa ɗaya.

"Na ga wanda ya fi wannan," in ji ta. "Ranar da jemage ya shigo banɗaki."

Huɗu da minti talatin da takwas motar kwana-kwana ta iso. Mutum uku suka sauke shi, madauri ɗaya ya tsinke, Arlene ta rufa masa farin zanen da za a haska fim a kai. Aka shigar da shi gida. Ba a yi fim ba. Ba a yi karatu ba, don littafin labarin na cikin gidan Merle, kuma ya kulle ƙofa. Yara suka watse neman alewa, Curtis ya saɓa kujera ya mayar. Karo na farko ke nan cikin shekara ashirin da bakwai da yaran garin nan suka fita Halowin ba wanda ya karanta musu komai.

Malama ta koma gida ta raba alewarta da fensiranta. Ta yi abin da ba ta saba ba, ta yarda da alƙawarin ɗalibin da aka kama.

Ranar Juma'a, ɗaya ga Nuwamba, da ƙarfe goma na safe takarda ta fito. Ga abin da ke shafin farko: "Fim na talatin da ɗaya ni ne da kaina. Na shirya wa gari wasan da ba a taɓa gani ba, minti ashirin da shida a sama, babu igiyar tsaro. Duk abin da aka ji na faɗa yana cikin wasan. Kabewa biyar. Ina ba da haƙuri ga wata malama mai koren ƙofa, wadda abin ya firgita har ta kira 'yan kwana-kwana."

Ranar Asabar an sake samun gizo-gizon roba a akwatin wasiƙarta.

Saboda haka Malama Lenora Haskett ke sanar da Merle Dunphy, da kwamitin laburare, da duk wanda ya gyaɗa mata kai a watan Oktoba, abin da take nema. Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da kasuwar manoma ta cika, Merle zai tsaya a matakalar laburare, tabarau a ido, na'ura a kunne. Zai faɗi da bakinsa cewa shi ya yi ihu, kofinsa ne ya zube, kuma Malama ba ta taɓa tsorata da fim, ko tumatir, ko shi ba. Zai ambaci sunanta cikakke, ba launin ƙofarta ba. Za a buga maganar a shafin farko da baƙaƙen da suka kai na allon da ya kafa a ciyawa, kuma Curtis ne zai buga, ko da zai yini yana kokawa da injin. Kwamiti zai rubuta cewa jar kujera tata ce baɗi da duk shekarar da take numfashi. Za ta zo da wuri, za ta zauna a gaba, da agogonta. In muryarsa ba ta kai layin baya ba, zai sake daga farko.